Maganar Inna a Gaban Alƙali

Auta,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, aiki bai shanye ki ba. Mu nan lafiya lau, sai idona na hagu da yake ta ƙara hazo, likita ya ce sai an yi masa aiki. Babanki ma ciwon bayan ya lafa, ya koma shago yana ta faɗa da masu kawo masa gyaran rediyo da fanka.

Kin ce in riƙa kiranki a waya. Ba zan kira ba. A waya ba kya barin mutum ya kai aya, ni kuma ban iya faɗa da rabin jimla ba.

Rubutun fim ɗin da kika aiko ya iso, na karanta shi tas. Ki tuna, ban yarda aka taɓa littafin nan ba sai da aka ce ke za ki ba da umarni. Na ce 'yar ƙanena ce, jikar matar da labarin yake kanta, ba za ta ci amanarta ba. Kin san abin da ke ciki. Tanderun kamfanin kwalabe ya fashe ya kashe yayanmu, baffanki, yana cikin ƙuruciyarsa. Inna, mai ɗinki da ba ta san ƙofar kotu ba, ta ja kamfanin shari'a shekara da shekaru, aka kayar da ita.

Maƙwabtanmu uku kin dunƙule su sun zama mace ɗaya, na haɗiye. Babin rigar Yaya, wanda na rubuta ina kuka, ya koma layi guda: "Ta ninke riga." Wannan ma na haɗiye, da ƙyar. Amma da na zo kotu sai na ɗauka shafuka ne suka zube a hanya. Na zazzage ambulan, babu komai. Ina maganar Inna a gaban alƙali? Babi ne sukutum, shi ne zuciyar littafin, shi mutane suke tare ni a titi su karanto mini da ka. A rubutunki cewa aka yi: "Ta miƙe. Alƙali ya tashi ya fita." Shi ke nan?

Na nuna wa babanki, ya ce shi ba ruwansa. Kin san har yau bai buɗe littafin ba, wai ya san yadda ya ƙare, me zai karanta. Saboda haka ni kaɗai nake wannan faɗa, kuma na ishe ki.

Ki ba ni amsa a rubuce.

Goggonki

*

Goggo,

Na gaishe ki da kyau, ina yi miki sannu da ido. Don Allah kada ki ja maganar aikin nan, ki bari a yi. Ni lafiyata ƙalau, sai rashin hutu. Ki gaishe mini da Baba, ki ce ya daina ɗaga injina shi kaɗai.

Shafuka ba su zube ba, Goggo. Ni na cire babin, da hannuna, kuma ba da wasa na cire shi ba.

Da farko yana ciki, kalma ɗaya ban taɓa ba. Muka yi gwaji a wani zauren da muka shirya kamar kotu, da benci da mutanen da muka ɗauko su cika wuri. Matar da za ta fito a Kaka gwana ce, ta haddace babin kaf. Ta fara, tsigar jikina ta tashi. Tana kaiwa tsakiya na waiwaya, wani yana hamma, wata tana latsa waya a ƙarƙashin mayafi. Wanda ya fito a alƙali ya rasa yadda zai yi da fuskarsa, sai gyaɗa kai yake yi. Da ta gama ita da kanta ta ce mini, "Darakta, wannan alƙalin ai mutumin kirki ne. Wanda ya zauna ya saurare ni haka, me zan riƙe shi da shi?"

Abin da ya tsaya mini a rai ke nan. A littafi muna cikin kan Kaka. Ba ma ganin alƙali, ba ma ganin agogo, muryarta kawai muke ji, ko shafi nawa ta ci ba ma gajiya. Kyamara kuwa a waje take tsayawa. Tana ganin kowa a ɗakin, har da wanda ya ba ta dama ta yi magana. In ta faɗi duk abin da ke ranta aka saurare ta, mai kallo zai sauke numfashi ya ce to, ai ta amayar, ya tafi gida ya yi barcinsa. Ni ba na so ya sauke numfashin nan.

Haka rigar ma. Ke kin yi babi guda kina gaya mana ƙanshinta da abin da Kaka take tunawa. Ni ba ni da hanyar sa wa mutane ƙanshi a hanci. Abin da nake da shi hannuwa ne. Za ki ga ta ninke rigar, ta warware, ta sake ninkewa, ta ga maɓalli ɗaya ya yi sako-sako ta ɗauko allura ta ɗaure shi, rigar da ba mai sake sa ta. Layi ɗaya ne a takarda, a allo ya fi haka.

Ban zo in yi wa littafinki hoto shafi bayan shafi ba. In haka ake so, a ɗora shi a tebur a kunna kyamara. Kakata ce ni ma, kuma ina da nawa idon.

Ki yi haƙuri da tsaurin bakina, a gida na koya.

'Yarki, Auta

*

Auta,

Lafiya muke. Ina fatan kina lafiya.

Tunda kina da naki idon, bari in ara miki nawa na ranar, don ke lokacin ko tunanin haihuwarki ba a yi ba.

Maganar nan ba ni na ƙirƙira ba. Ta Inna ce. Wata da watanni tana shirya ta a kan keken ɗinki. Ƙafa tana takawa, baki yana motsi. Ta faɗa, ta gyara, ta sake faɗa, har ni da nake gefe ina aikin makaranta na haddace. Ranar hukunci ni na raka ta, ina 'yar yarinya, ina riƙe mata jaka. Babanki yana ƙarami, a gida aka bar shi. Alƙali ya karanta takardarsa ko ɗagowa bai yi ba, ya ce laifin mamaci ne. Inna ta miƙe ta ɗaga hannu sama kamar 'yar aji. Ba wanda ya dube ta. Aka kira shari'a ta gaba, hannunta yana sama. Masinjan kotu ya zo ya ce, "Iya, an gama, a ba mutane wuri." Muka dawo gida ta hau keke ta ci gaba da ɗinkin mutane. Har ta rasu ban ƙara jin kalma ɗaya daga cikin maganar nan a bakinta ba.

Don haka na rubuta littafin. Na buɗe mata bakin da suka rufe. Ke kuma kin zo za ki sake rufe shi, wai wani ya yi hamma.

Ki yi yadda kika ga dama. Ai ke ce mai kyamara.

Goggo

*

Goggona,

Gaisuwa da fatan alheri. Ya idon? An sa ranar aikin kuwa? Ni ina nan ƙalau, murya ce kawai ta dishe saboda ihu a wurin ɗauka.

Na gode, Goggo. Na gode da kika sakar mini, na kuma gode da abin da kika ba ni. Na san ba da sauƙi kika rubuta ranar nan ba. Na karanta wasiƙarki a tsaye a bakin ofis, na koma ciki na yage rubutun kotun na sake sabo.

Mun ɗauka. Ga yadda yake yanzu. Maganar Kaka ban zubar da ita ba, na mayar da ita inda aka haife ta, kan keken ɗinki. Tun daga tsakiyar fim ake jinta gutsi-gutsi, ƙarar keke tana cinye rabi. Yau jimla ɗaya, gobe ta gyara ta, jibi ta ƙara wata. Akwai yarinya a gefe tana rubutu a littafin makaranta, leɓenta yana bin na uwarta. Ke ce. Kafin a je kotu mai kallo ya san maganar kamar shi ya shirya ta, jira kawai yake ta faɗa. Sai ta miƙe ta ɗaga hannu. Ban yanke ba, na bar kyamara a kanta, ana kiran wata shari'a, lauyoyi suna tattara takardu, hannun yana sama har ya fara rawa. Da na ce a tsaya, ba wanda ya motsa a zauren. Mai riƙe da fitila ya juya baya yana share ido.

Sai dai akwai matsala. Mai kamfaninmu ya kalla ya ce ya yi kyau, amma ba zai sayu ba. Wai mutane ba sa biyan kuɗi su fito da baƙin ciki. Yana so Kaka ta ci shari'ar. Na yi dariya, na ɗauka zolaya ce. Ya ce ba wasa yake ba. Na ce masa matar nan kakata ce, na san inda kabarinta yake, ba ta ci ba. Ya ce fim ba kabari ba ne.

A yarjejeniyar da kuka yi, ba a sauya ƙarshen labari sai da sa hannunki. Nawa ƙarshen ma yana bukatarsa, tunda ya bambanta da littafi. Ki rubuto mini layi biyu cewa kin amince da nawa, in kai masa ya rufe baki.

Auta

*

Goggo,

Ina gaisuwa. Ina fatan lafiya ce ta sa shiru. Na kira wayar Baba ba ta shiga, ke kuma na san taki tana cikin durowa.

Kullum sai na leƙa wurin mai karɓar saƙo, har ya fara jin kunyata. Damina ta shigo tun ina jira, ga shi tana neman fita.

Abubuwa sun lalace. Mai kamfani ya karɓe mabuɗin ɗakin da muke haɗa hoto. Na zo da safe na tarar an sauya kwaɗo, kofin shayina ma yana ciki. Ya ɗauko wani darakta ya sake ɗaukar kotun yadda yake so. Jarumar ta kira ni tana ba ni haƙuri, ta ce tana da yara, ba za ta iya ƙi ba. Ban ga laifinta ba. Ya ce in na sa sunana a kan nasa, akwai wani babban aiki yana jirana. Na ce ya riƙe aikinsa. Gara in koma ɗaukar tallar sabulu da in sa sunan gidanmu a kan ƙarya.

Jiya ya tare ni a matakala yana murmushi, ya ce, "Goggon taki ma ba ta son naki. Mun yi magana da ita." Na koma gida. Na sake ɗauko wasiƙarki ta ƙarshe na karanta a nutse, sai yanzu na ji ta da wata murya dabam.

In kin sa masa hannu, ki faɗa mini da kanki. Zan iya ɗauka. Amma ko ke kika sa, ni ba zan sa ba.

Auta

*

Auta,

Ina gaishe ki. Kwantar da hankalinki, ban mutu ba. An yi aikin idon, sai ya ƙi lafawa, ya kumbura, aka sake komawa. Na daɗe a kwance da bandeji, an hana ni karatu da rubutu da sunkuyawa. Wayar babanki kuwa ta faɗa bokitin ruwa, mai gyaran kayan mutane ya kasa gyara tasa. Yanzu ina gani tar, har na gano labulen ɗakina ya daɗe da mutuwa ba wanda ya gaya mini.

Wasiƙunki biyu babanki ne ya karanta mini, don ba yadda zai yi. Da ya zo inda kika ce na sakar miki, na kusa fizge bandejin. Ni na sakar miki? Yarinya, wannan faɗa ne! In babba ya ce ki yi yadda kika ga dama, tsayawa ake yi cak. Duk karatun da kika yi ba a koya muku wannan ba? Na ba ki labarin ranar ne don ki ji kunya ki mayar da babin, sai kika ɗauke shi kika zuba a kyamara.

Da ya kai wurin ɗaga hannu sai ya juyo gare ni. Ya ce, "Yaya, haka aka yi?" Na ce haka aka yi. Ya ce shi ba wanda ya taɓa gaya masa. Na ce ai kai ma ba ka taɓa tambaya ba, ko littafin ka ƙi buɗewa. Ya ajiye takardar a kan gado ya fita, sai washegari ya dawo ya ƙarasa.

Mai kamfaninku bai yi ƙarya duka ba. Ya turo wani mutum mai laushin baki da kwandon kayan dubiya da takarda. Ya ce sun ji ina kukan babina, sun mayar mini da shi cif, ba a taɓa ko wasali ba. Abu ɗaya kawai, a ƙarshe alƙali zai ba Inna gaskiya. Ba zan ɓoye miki ba, zuciyata ta motsa. A ji maganar Inna da ƙarfi a ɗaki cike da mutane, abin da na rayu ina so ke nan.

Ban sa hannu ba. Naki ma ban sa ba. Na ce masa ban taɓa sayen yadi a duhu ba. Ina nan zuwa da sabon idona in kalli duka biyun, wanda ya ci ya ci. Kada ki zo taryata, kada ki yi mini bayani. In fim ɗinki sai an tsaya a gefe ana fassara shi, to ya faɗi.

Goggonki

*

Auta,

Na iso gida lafiya, ƙafafu ne kawai suka kumbura saboda zaman mota. Ina fatan kin ci abinci, don yadda na gan ki a bakin ƙofar kamfanin nan kamar a hure ki ki faɗi. Na wuce ki ban tsaya ba saboda in na tsaya kuka zan yi, kuma ba zan yi kuka a gaban mai gadinsu ba. Tunda sun hana ki shiga, ga abin da ya faru.

Suka sa ni a wani ƙaramin ɗaki mai sanyi, kujeru masu laushi, allo ya cinye bango. Nasa aka fara sa mini. Auta, na yi kuka. Matar nan ta faɗi maganar Inna daga farko har ƙarshe, har inda take cewa ita ba kuɗi ta zo nema ba, so take a rubuta cewa ɗanta ba sakarai ba ne. Ana ta kiɗa mai taushi a ƙasa. Sai alƙali ya cire tabarau ya share ido, ya buga tebur, mutane suka tashi suna tafi, manajan kamfanin kwalabe ya sunkuyar da kai. Nan hawayena ya ƙafe. Na ji kamar an shafa wa gawar Yaya hoda.

Sai aka sa naki. Ba zan yabe ki da yawa ba, kanki zai kumbura. Abin da zan ce shi ne, da ta ɗaga hannun nan na ji bakina yana motsi. Ni nake faɗin maganar, a kujera, ita tana tsaye shiru. Na waiwaya, yaron da yake kunna mana injin ma leɓensa yana motsi.

Aka kai ni ofishin mai kamfani. Mutum ne mai fara'a, ba dodo ba ne kamar yadda kika zana shi. Ya ba ni ruwa da hannunsa. Ya ce, "Malama, mutanen da za su kalli fim ɗin nan su ma kullum kayar da su ake yi, a wurin aiki, a asibiti, a ko'ina. Laifi ne su ga wata ta ci sau ɗaya?"

Na ce, "In ta ci, to wa ya zalunce mu?"

Ya ce, "Ai ke ma kin ƙara a littafinki. Ba ta yi maganar nan ba, ke kika sa ta yi. Ni ma ɗan ƙari na yi."

Wannan ta shige ni, sai da na kurɓi ruwan. Na ce, "Na ƙara mata baki, ban ƙara wa alƙali imani ba. Abin da ta so faɗa gaskiya ne, da kunnena na ji. Abin da kake so alƙalin ya yi bai taɓa faruwa ba, kuma masu kamfanin kwalaben za su fi kowa jin daɗinsa."

Ya daina murmushi. Ya ce yana da ma'aikata masu iyali, in fim ya faɗi ba ni zan ciyar da su ba. Na ce gaskiyarsa ne, kuma ina tausaya musu, amma da ya zo neman littafin ya karanta ƙarshensa. Ya ce to zai kulle fim ɗin a kabad, kowa ya rasa. Na ce, "Kulle shi. Littafin ma ya daɗe a akwati kafin ya ga injin buga takarda, bai ruɓe ba."

Na jawo takarda na rubuta cewa na amince da ƙarshen da 'yar ƙanena ta ɗauka, shi kaɗai, na sa hannu, na ɗauki jakata.

Kada ki ɗauka kin ci ni. Babina yana nan daram, kuma a takarda ya fi naki. Sannan yarinyar da ta fito a ni ta cika tsaf-tsaf. Ni ranar silifas ɗina a tsinke yake, da fil na riƙe shi.

Goggonki

*

Goggona,

Ina gaisuwa, ina yi miki ban gajiya, ko da ta daɗe da wucewa. Ki yafe mini jinkiri, ban so in rubuto ba sai ina da abin faɗa. Lafiyata ƙalau, har na ɗan yi ƙiba.

Ya kulle shi kamar yadda ya ce. Sai waɗanda suka zuba kuɗinsu suka matsa masa, dole ya fito da shi, da nawa ƙarshen. Amma bai yi masa talla ba, ƙananan sinimomi kawai ya ba, ya kuma aiko mini cewa ni da kamfaninsa har abada. Wasu kamfanonin ma sun daina ɗaga wayata, an ce musu ina da taurin kai, kamar wani sabon labari. Yanzu tallar sabulun nake ɗauka da gaske. Kumfa ba ta gardama.

Na shiga na zauna a baya ba wanda ya san ni. Ɗakin bai cika ba. Da aka zo kotu, wata mata a gabana ta miƙe ta daka wa allo tsawa, "Ku bar ta ta yi magana mana!" Ba wanda ya yi dariya. Da aka kunna fitila mutane suka fita ba tafi, wani yana cewa shi an ɓata masa rana. A bakin ƙofa na ji wasu biyu suna musu a kan abin da ya kamata lauyanta ya yi, har na hau mota ba su gama ba.

Wani mai sharhi a jarida ya ce na yanka littafin a maƙogwaro. Wani kuma ya ce fim ɗin ya fi littafin. Duka biyun ban yarda da su ba.

Da za a mayar da ni baya, haka zan sake yi. An ce zai zo sinimar da ke kusa da ku. Ki gaya wa Baba, ko da na san ba zai je ba.

'Yarki, Auta

*

Auta,

Gaisuwa mai yawa. Muna lafiya. Ido garau, har zare nake zura wa maƙwabta a allura.

Maganar aiki, kada ki sunkuyar da kai ga kowa. Ki ɗauki sabulunki da kyau ki ci abinci. Masu ƙin ɗaga waya za su gaji. Wanda ya ce kin yanka littafin ki bar shi, yana da 'yar gaskiya. Wanda ya ce fim ya fi littafi kuwa ki aiko mini da sunan jaridarsu, ina da takarda da biro da lokaci.

Babanki ya je. Bai gaya wa kowa ba, ya rufe shago da rana tsaka ya sa rigarsa mai kyau. Maƙwabcinsa mai walda ne ya tsegunta mini. Da yamma sai ga shi a ƙofar ɗakina, ya tsaya kamar baƙo. Na ce ya shigo. Ya zauna, ya tambayi ido, ya tambayi ƙafa, ya yi maganar tsadar wayar wuta. Na bar shi yana ta kewaye. Can ya ce, "Yaya, ita maganar da Inna take yi a kan keke, ƙarar ta hana ni jin wasu wurare. An ce a littafin tana nan duka."

Na ce tana nan.

Ya miƙa hannu kan kanta ya ɗauko littafin, ya juya shi gaba da baya. Ya ce, "Wane shafi ne?"

Na ce, "Ban sani ba."

Ya ce, "Haba Yaya, ke fa kika rubuta."

Na ce, "Ni na rubuta, kuma ban rubuta shi don a tsallaka ba. Ka fara daga farko kamar kowa."

Ya harare ni irin hararar da yake mini tun yana yawo ba wando. Na rama. Sai ya ja kujera zuwa bakin taga inda haske yake, ya ciro tabaransa na gyaran rediyo, ya buɗe shafin farko. Da yatsa yake bi, a hankali, bakinsa yana motsi. Na kawo masa shayi ya huce bai taɓa ba. Yanzu haka da nake rubuta miki yana nan zaune, na tambaye shi ko yana da saƙo gare ki, ya ɗaga mini hannu wai in yi shiru.

Ki kula da kanki.

Goggonki